Malam Manzo da motar da ba ta da kujera ta uku

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye a bakin kasuwa ana loda mini buhunan gyaɗar wani Bakano, wayata ta yi ƙara. Laminu ne, babban ɗan Malam Manzo. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Baba Isufu, Malam ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa, sannan na nemi gindin taya na zauna. Bakanon ya dubi fuskata, ya sa aka sauke kayansa.

Malam Manzo ɗan kawuna ne, wato taubashina. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, a Zermu. Ya girme ni da shekara biyar, kuma tun ina yawo ba wando bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Ɗan Mace. Mun yi aiki tare a garajin gwamnati a nan Damagaram, shi babban makaniki, ni direba, har muka ajiye aiki, ya buɗe nasa garajin a gefen unguwar Kara-Kara. Bayan azahar aka yi masa sallah. Na ga jana'iza da yawa a garin nan, amma ban san mutumin da bai taɓa riƙe sarauta ko muƙami ba zai iya tara jama'a haka. A sahun da na tsaya, can ƙarshensa, akwai ƙanena Habu wanda ya zo daga Zermu. Shekara bakwai ke nan ko sallama ba ta haɗa mu ba. Marigayin da ke kwance a gabanmu ya so ya ga ƙarshen wannan gaba da idonsa, ni na hana shi.

Duk wanda ya san Malam Manzo ya san jar motarsa. Irin motocin tseren nan ne na Turawan da, dogon hanci, ba rufi sai ɗan tamfol da ake naɗewa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wani injiniya Bature ne ya bar ta a mace lokacin da zai koma ƙasarsu, muna samari, ya ce wa Manzo in ya iya tayar da ita, tasa ce. Shekara biyu ya yi yana fama. Abin da babu shi a kasuwa ya zana a takarda ya kai wa maƙera, kujerun da rana ta cinye ya kai wa dukawan Birni suka sake su da jar fata. Ranar da ta tashi, har daga unguwar Zango an ji gurnaninta. Shi yana ce mata Barewa. Ni kuwa, da yake aikin taubashi ke nan, na raɗa mata Takalmin Bature, don ba shiga ake yi ba, sanya ta ake yi.

Kujerunta biyu ne rak, kuma a nan ne sirrin mutumin yake. A garaji, idan an gama gyaran mota akan fita da ita a gwada a kan hanya, mu ce an tafi esai. Malam Manzo ya ɗauki wannan kalma ya ba ta wani aiki. Bai taɓa yi wa mutum faɗa a gaban jama'a ba, ko da ɗan cikinsa ne. Idan ya ga wani ya kauce hanya, sai ya same shi cikin fara'a ya ce, "Zo ka taya ni esai, Barewa tana wani tari da ban gane ba." Ya ɗauke shi su miƙi kwaltar Tirmini, kafin a shiga garin akwai wata tsamiya a hannun dama, ya faka a gindinta ya kashe inji. A nan zai faɗa maka gaskiyarka tsirara, ba ragi, sannan ya saurari taka. In an dawo, magana ta mutu a can. Ya sha faɗa cewa mota mai kujera biyu ba ta ɗaukar ɗan rahoto. Yakan kuma ce laifi kamar ciwo ne a cinya, wanda ya buɗe shi a kasuwa ba magani yake nufi ba.

Da tafiya ta yi tafiya, unguwa duka ta gane ma'anar esai. In aka ga Barewa ta fito da wani a gefen Malam, masu zaman shayi sukan sunkuyar da kai kamar ba su gani ba, su bar dariyar a ciki. An ga mahauci a kujerar nan, wanda ya bar tsohuwarsa a ɗakin da ke yoyo, kuma kafin damina ta sake zagayowa an ga sabon rufi. An ga wani babban ma'aikaci da rigarsa mai sitati. Har limamin masallacinmu an gani, rawaninsa yana kaɗawa a iska, bayan tsofaffi masu ciwon gwiwa sun daɗe suna gunaguni a ɓoye kan tsawon karatunsa. Ba wanda ya san abin da aka ce, amma daga ranar sallar isha'i ta daidaita. Ban taɓa jin Malam Manzo ya fitar da ko kalma ɗaya daga abin da aka faɗa masa a gindin tsamiyar nan ba, ni da nake ci da shi a kwano ɗaya. In na matsa masa da tsokana sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A zaman makoki matarsa, Hajiya Baraka, ta faɗa wa mata wata magana da ta iso mu waje. Ta ce shekara arba'in da wani abu suna tare bai taɓa ɗaga mata murya a gaban ƴaƴa ba, amma hanyar Tirmini kam ta san kowane rami da ke cikinta. Ta ce ba kullum shi ne mai gayyata ba. Idan shi ya yi ba daidai ba, ita ce takan yafa mayafinta ta ce, "Malam, motar nan tana son esai." Sai ya ɗauko makulli ba musu, ya tuƙa kansa zuwa inda za a yi masa faɗa.

Ni kuwa da na ajiye aiki sai na sayi kat-kat ta zamani, mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya, irin wadda ƴan Kano ke kira akori-kura. Da ita nake kai kayan ƴan kasuwa ƙauyuka, in dawo da gero da dawa da gyaɗa. Ranar da na kawo ta Malam Manzo ya gani, ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe gaba, ya tarar an rufe injin ruf da baƙar roba. Ya ce wannan an yi mata lulluɓi, ko muharraminta ba a yarda ya gani ba. Shi da ya saba ya ɗora bakin turnabis, wato sukudireba, a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotarsa, ya gaya maka wace buji, wato fulogi, ce ke ƙarya, sai ga motar da in ta yi ciwo sai an jona mata na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Nan take ya sa mata suna Jaka Mai Kilim, wato macen jaki mai na'urar sanyi, saboda sanyin da take hurawa a ciki.

Daga ranar muka buɗe musun da bai rufu ba sai da mutuwa ta rufe shi. Ni in ce tawa tana ɗaukar mutum biyar a ciki da buhu ashirin a baya, tasa ko akuya ba ta da wurin zama. In ce tawa tana keta rairayin Zermu kamar raƙumi, tasa kuwa ko tudun da ake yi don rage gudu sai ta bi shi a karkace tana neman gafara. In ce a tawa ka isa da farar rigarka fara, a tasa ka isa kamar wanda aka tono. Shi kuma ya ce tawa tana yi wa direba komai har ta mayar da shi fasinja, tasa kuwa sai mai hannu, kowane dutse da ta taka sai ta gaya wa tafin hannunka. Ya ce ranar da ƙwaƙwalwar Jaka ta rikice a daji sai dai in zauna in yi mata addu'a, Barewa kuwa da waya da filaya za ta kai shi gida. Sau ɗaya muka gwada su a kwalta, tsofai biyu ba kunya, kuma abin mamaki Jaka ta wuce ta fintinkau. Ya iso yana dariya har hularsa ta faɗi, ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe tunda jaka ta tsere wa barewa, amma in tuna barewar ta girmi ɗana na fari. A dawowa ya ba ni ita na tuƙa. Gaskiya ɗaya ce, a kwana tana manne wa ƙasa kamar ƙadangare, kuma na ji wani daɗi da ban ji ba tun ina saurayi. Ban gaya masa ba.

Duk wannan wasa ne, har zuwa daminar da mahaifiyarmu, Inna, ta rasu. Tana zaune a Zermu wurin Habu, shi ne ya tsaya a gona ya riƙe ta, ni ina birni. Ciwo ya taso mata da rana tsaka. Habu ya kira wayata ya fi sau goma bai same ni ba, don na kashe ta, ina can wani ƙauye da lodin siminti, ba na son masu kaya su dame ni. Da ya rasa yadda zai yi, ya shimfiɗa ta a amalanken shanu ya nufi gidan likita da ita, rai ya yi halinsa a hanya. Motar da nake cika baki da ita, mai keta rairayi, tana can ɗauke da siminti. Na san wannan sarai. Amma a zaman makoki, gaban dangi da baƙi, na dubi ƙanena na ce shi ya kashe ta da ya ɗora ta a amalanke. Habu ya tashi ya shiga gida. Magana zarar bunu ce, ta fita ke nan.

Inna gwaggon Malam Manzo ce, yana wurin, ya ji da kunnensa. Sai bayan sadakar arba'in ya same ni ya ce Barewa tana tari. Na ce gwiwoyina sun daina shiga takalmi. Ya yi murmushi ya ƙyale ni. Bayan shekara biyu, ana jibi Sallah, ya sake gayyata, na ce ina da lodi. Ta uku bara ce, bayan an ɗaura auren ɗiyar Habu ban je ba. A ranar har na yi masa tsawa, na ce motar da ba ta kai mara lafiya asibiti ba, ba ta kai hatsi gida ba, wasan yara ce, ya daina damuna da ita. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Mace, ni ba na jan mutum da igiya. Kujerar tana nan." Yau ina shaida wa duk mai karanta wannan cewa tun daga rasuwar Inna musun da nake yi da shi a kan mota ba musu ba ne, ɓuya ce. Ina kushe Barewa ne don ina tsoron kujerarta.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarsa, bayan la'asar, ya dafe ƙirji ya zube a garaji. Laminu ya kira ni, kuma wannan karon wayata a buɗe take, don tun daga waccan damina ban sake kashe ta ba. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Hajiya Baraka, Laminu a gefena, maƙwabta biyu suka haye baya. Muna cikin tafiya ya buɗe ido ya dubi rufin motar, ya ce da ƙyar, "Ɗan Mace, yau Jakarka ta yi rana." Can ya ce yana da magana da ni, amma kunnuwa sun yi yawa a motar nan. Na ce ya yi shiru ya huta, in Allah ya ba shi lafiya za mu je esai, ni da kaina zan zo. Sai na ga ya yi ɗan murmushin nan nasa a madubi.

"Kun dai ji shi," in ji shi. "Ashe yawan kunnuwa ma da amfaninsa. Ka yi alkawari gaban shaidu."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Kwana biyu ya yi a asibiti, an hana shi yawan magana, ranar Talata Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku, ran Juma'a da safe, Laminu ya zo gidana da makulli ɗaure da ƴar igiyar fata. Ya ce mahaifiyarsa, da ke cikin takaba, ta ce a kawo mini, kuma a gaya mini Malam ya bar saƙo a asibiti cewa alkawari kaya ne, in je in fitar da Barewa ta sha iska. Na ɗauka zan je ne in tuƙa ta ni kaɗai, in yi kukana a hanya in dawo. Da na shiga garaji na tarar an yaye tamfol, kuma akwai mutum zaune a kujerar fasinja, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Habu ne. Shi ma saƙo aka ba shi, cewa kada ya koma Zermu sai ya zauna a motar nan, akwai mai zuwa ya tuƙa. Daga baya na ji cewa shi ya riga ya je gindin tsamiya sau biyu tare da marigayi, ni kaɗai ake jira.

Na tsaya riƙe da makulli, zuciyata tana ce mini in juya. Amma matarsa da ɗansa sun ji alkawarina, kuma wanda na yi wa yana ƙarƙashin ƙasa, ba halin in je in nemi ya sassauta. Na lanƙwasa gwiwoyin da na ce ba sa shiga takalmi, suka shiga. Bugu ɗaya ta tashi. Muka fito ta tsakiyar unguwa, masu zaman shayi suka ga Barewa ba mai ita, suka ga waɗanda ke ciki. Wannan karon ba wanda ya sunkuyar da kai. Wani dattijo ya miƙe tsaye, sauran suka bi shi, haka muka wuce su. Muka bar duwatsun gari a baya, muka shiga gonakin da aka gama girbe, har muka isa gindin tsamiya.

Abin da aka faɗa a gindin tsamiya ya mutu a can, haka ƙa'idar take, kuma ba ni zan fara karya ta ba. Abu ɗaya kawai zan fitar, don a gaban jama'a na yi ɓarnar, a gaban jama'a ya kamata in gyara. Habu bai kashe Inna ba. Kwananta ne ya ƙare, kuma shi ya yi iyakar abin da ɗa zai yi da abin da ke hannunsa. Wayata ce take a kashe. Duk wanda ya ji waccan magana daga bakina a Zermu, to ya ji wannan, ya kuma isar wa wanda bai iya karatu ba.

Da muka gama, muka share fuska, na murɗa makulli, Barewa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake, ta yi tari biyu ta yi shiru. Na buɗe gaba na tsaya ina kallon inji kamar mai duba rijiya, shekara talatin ina tuƙi amma kunnen nan ba a ba ni shi ba. Dole na kira Laminu, na gaya masa inda makullin Jaka yake. Ya zo da igiya ya ɗaura. Haka muka shigo Damagaram ana shirin tafiya masallaci, Jaka Mai Kilim a gaba tana ja a hankali, Barewa a baya da tsofai biyu a ciki. Na tuna mai cewa ba ya jan mutum da igiya, na ce a raina, to Manzo, yau kam ka ja. Da muka zo gangaren shiga unguwa igiya ta yi sako-sako, sai na ji an taɓa hannuna.

"Yaya," in ji Habu, "taka birki, kada mu daki Jakarka."

Shekara bakwai ban ji kalmar nan ta Yaya daga bakinsa ba. Na taka birki, amma hanyar ban ƙara ganinta sosai ba har muka isa.

Ina alfahari da cewa jinina ne, ina alfahari da cewa na ci a kwano ɗaya da shi. Musunmu kuwa na bar masa. Tawa ta kai shi asibiti, ta kuma jawo tasa gida, wannan ba zai ƙi ba. Amma nauyin da tasa ta sauke mini a gindin tsamiya, da na loda wa Jaka shi da ba ta motsa ba. Laminu ya gano ciwon Barewa, ƴar ƙazanta ce a hanyar mai, ya gyara. Ya mayar da makullin a ƙusar da mahaifinsa yake rataye shi, ya ce duk ɗan unguwar da ke da magana da wani, wadda ba ta son kunne na uku, ya zo ya ɗauka.

Allah ya jiƙan Malam Manzo, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa ya haskaka shi. Allah ya sa aikinsa na alheri ya zame masa abokin zama, ya haɗa shi da iyayensa da gwaggonsa Inna a gidan Aljanna. Allah ya ba Hajiya Baraka haƙuri da juriya, ya sa ta gama takaba lafiya. Allah ya albarkaci Laminu da ƙannensa, ya haɗa kansu, kada ya bari wata kalma ta shiga tsakaninsu irin wadda ta shiga tsakanina da ƙanena. Mu da muka rage Allah ya kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, bawan nan naka ya rufa asirin rabin unguwa, bai taɓa kunyata kowa a gaban mutane ba. Ka rufa masa nasa a ranar da za a tara kowa da kowa. Amin.